Cinikin Rana a Bradford

Shekara talatin da ɗaya ina gudun rana a Gusau,
ina bin gindin katanga, ina neman inuwar darbejiya.
Yau ga ni a Bradford da furfura,
na zaunar da mutum a falo, na ba shi shayi,
muna cinikinta.

Sunansa Holroyd. Ya cire takalmi ba a ce masa ba,
shi ya sa na ƙara masa madara.
Ya daɗe a kan tsani,
ya sauko gwiwar wandonsa duk gansakuka.
Ya ce rufinka kudu maso yamma yake kallo, ka yi sa'a,
sai dai bututun hayaƙin maƙwabciyarka
yana cinye maka kusurwa daga ƙarfe biyu.
Na ce a garinmu cewa ake
in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta.
Ya ce a nan bulo shida sun isa.

Takardu uku na baje a tebur.
Ta farko faifai goma sha biyu, masu shuɗi-shuɗi,
kamfanin ba adireshi sai lambar waya,
wai in sa hannu kafin Asabar.
Barira ta ɗaga ta da yatsa biyu
kamar ta tsinci gashi a miya.
Araha ba ta ado, ta ce,
ta ɗora butar shayi a kai.

Ta biyu da batir ta zo, ƙato kamar akwatin lefe.
Kuɗinta ya ninka abin da na tura gida
shekarar da muka yi wa Inna rufin kwano.

Ta Holroyd takwas ne kacal, baƙaƙe wuluk,
kowanne wat ɗari huɗu da talatin.
Ya ce kada in ƙirga faifai,
in ƙirga abin da suke haifarwa
ranar da gari ya yi luf, ba ruwa ba haske,
wato kwana biyar a mako.
Ya ce inbata za ta riga su gajiya,
in ajiye kuɗin wata.
Ya ce in sa raga a gefe, don tantabarun unguwar nan
ba sa biyan haya.
Ɗan kasuwar da zai nuna maka inda kayansa za su fara mutuwa,
ban cika haɗuwa da shi ba.

Sai ya ɗora yatsa a layin ƙarshe:
garanti, shekara ashirin da biyar.

Na haɗa da nawa a zuci.
Tamanin da huɗu.
Likitan zuciyata wata shida-shida yake ba ni,
shi ma da fensir yake rubutawa.

Shamsiyya ta ɗago daga wayarta:
Baba, shekara tara kuɗinka ya dawo.
Na dubi yarinyar nan da ke barin fitilar banɗaki a kunne
tun tana aji uku,
na ga ashe ba ni zan ci ribar ba.
Na ce a ba ni biro.

Ranar Talata cikin Nuwamba aka kafa su, ana yayyafi.
Kwana huɗu ina leƙa waya,
lambar ta ƙi tashi daga zaune.
Na tuna Inna tana shanya kuɓewa a kan soro,
ba ta taɓa tambayar rana wat nawa ba,
ba ta sa hannu a takardar kowa ba.

Ran Lahadi, bayan azahar,
gajimare ya tsage ta wajen Manningham,
haske ya sauka a kan baƙaƙen nan takwas,
bakwai da rabi in an cire rabon bututu.
Na fito tsakar gida da silifa ƙafa ɗaya,
ina kiran Barira:
kunna injin wanki, maza,
baƙuwar ba ta zama.